Shirun da Muka Yi wa Nabintu

Litinin, 6 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Duhu ya riga ni isowa gida. Na hura murhu, na dafa kofi na mutum biyu kafin na tuna. Na shanye duka don kada a yi asara.

Jorma, hedimastanmu, ya tare ni yau a bakin ɗakin malamai. Maganar Nabintu ce. Shekararta goma sha ɗaya, daga Kongo aka kawo su, ita da uwarta da ƙannenta mata biyu. Tun Agusta take ajina, ajin share fage na yaran da suka shigo ƙasar nan ba su jin Finlanci. Daga ranar da ta zo har yau ba wanda ya ji muryarta a makarantar nan. Tana rubutu, rubutun ma ya fi na wasu 'ya'yan gari tsabta. In na ce a buɗe littafi ta buɗe, in na ce a sa riga a fita ta riga kowa kaiwa ƙofa. Amma baki, ko uffan.

Ya ce farkon Disamba Outi za ta zo, masaniyar halayyar yara ta gunduma, ta zauna da ita. In har lokacin ba ta buɗe baki ba, akwai wani ƙaramin aji a birni na yara masu buƙata ta musamman, can za a mayar da ita. Na ce masa ba abin da ya sami kan yarinyar nan. Ya ce shi ma ya sani, ai ba hukunci ba ne, taimako ne. "Aji ne ɗan ƙarami, Hilkka, shiru tsit. Daidai da ita." Sai ya yi dariya, wai in don shiru ne ai ta riga ta zama 'yar Finlan, fasfo kawai ya rage.

Ban taya shi dariyar ba. Na tsufa a aikin nan na buɗe wa 'ya'yan mutane baki da harshenmu, kuma na ga yaran da aka kai wancan ajin. Tasi ya ɗauke su cikin duhu, ya dawo da su cikin duhu, ba su san kowa a garin da suke kwana ba. Ban tuna ko ɗaya da ya dawo ajin sauran yara ba.

Bai tambaye ni jikin mijina Veikko da ke kwance a asibitin birni ba. Na gode masa a raina.

Laraba, 8 ga Nuwamba, ƙarfe uku da rabi na yamma

Na sake gwada ta da katunan hoto, mu biyu, bayan sauran sun fita wasa. Na rufe ƙofa don kada hayaniya ta dame ta. Na zauna muna fuskantar juna, na ɗaga hoton kare, na ce mene ne wannan. Na ce mata abin da nake ce wa kowane yaro: "Ba sauri. Ina jira."

In akwai abin da nake tinƙaho da shi a aikin nan, to jira ne. Haka aka koya mana, haka kuma nake koya wa sababbin malamai: ka yi tambaya ka kama bakinka, kada ka ƙarasa wa yaro magana, ka ba shi fili. Ni kuwa na iya jira har agogo ya gaji. Na dube ta, na jira. Ita ta dubi safarta. Gumi ya tsattsafo a saman leɓenta, alhali ɗakin ba zafi. Da ƙararrawa ta kaɗa ta miƙe kamar an kwance ta daga turke.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na yamma

Na je birni. Na zauna. Na dawo.

Lahadi, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Itacen yana nan a warwatse cikin rumfa yadda Veikko ya bar shi ranar da shanyewar jiki ta kayar da shi, gatarin ma yana inda ya faɗi. Ba na shiga. Na bakin ƙofa nake miƙa hannu in ɗiba, kuma ya kusa ƙarewa.

Nas ɗin ɗakinsu a asibiti, wata yarinya da ba ta kai 'yar cikina ba in da na haifa, ta ce in riƙa yi masa hira, wai yana ji. Na ce to. Hirar me? Veikko mijina ne shekara talatin da ɗoriya, kuma tun asali shi ba mai magana ba ne. In tafki ya daskare mukan huda ƙanƙara mu wuni muna kamun kifi, baya da baya, abin da zai fito bakinsa bai wuce "akwai sauran kofi?" ba. Ban taɓa jin kaɗaici a wannan zaman ba. Yanzu kuma in zo in tsaya a kansa ina zuba, shi ba halin amsawa? Kunyata shi zan yi. Ina zama a gefen gadon, in dube shi, ya dube ni. Hannun damansa na nan a kan bargo kamar wani ne ya manta da shi a wurin. Idonsa dai yana bina in na tashi.

Talata, 14 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Uwar Nabintu ta zo, Nsimire. Doguwar mace, ta sha rigunan sanyi har uku. Tafinta yana cikin waya a kan tebur, muryar wani namiji daga wani gari.

Da aka gaya mata 'yarta ba ta magana a makaranta sai ta ƙyalƙyale da dariya har da dukan cinya. Ta ce a gida kamar ta haɗiyi rediyo, sai an roƙe ta take bari a yi barci. Can sai dariyar ta ɗauke. Ta tambaya, laifin me yarinyar ta yi mana. Na ce ba laifin komai, yarinyar kirki ce. Ta ce to in haka ne me ya sa muke fushi da ita.

Na sa tafinta ya maimaita. Ya maimaita. Na ce ba wanda ke fushi da ita, kowa lallaɓa ta yake yi, ko tsawa ba a taɓa yi mata ba. Nsimire ta dube ni, ta ce to, ta gode. Irin godiyar da ake yi wa wanda ba a yarda da shi ba.

Jumma'a, 17 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Sai na rubuta wannan tun yana da zafi.

Nabintu ta manta safar hannunta a aji, ga sanyi ya sauko sosai, ga hutun ƙarshen mako. Na ce bari in kai mata. Na yi ta jan ƙafa a hanya, don ni a rayuwata ban taɓa zuwa ƙofar wani ban buga waya ba. Niyyata in rataye a hannun ƙofa in sulale.

Tun daga matakalar bene na ji su. An bar ƙofar a buɗe saboda hayaƙin suya. Rediyo na yi, mai na ƙara a kasko, Nsimire na waya da ƙarfi tana kuma yi wa wani faɗa, duk a lokaci ɗaya. A cikin wannan hargitsin sai na ji Finlanci. Finlanci tas, har da jan harshe irin namu na gabas.

Na leƙa. Nabintu ta zaunar da ƙannenta biyu a ƙasa, ta ɗaga murfin tukunya a gabansu, ta zamo da wani karyayyen tabarau kan hanci. Ta ce, "Mene ne wannan? Ba sauri. Ina jira." Muryata ce, ba ragi. Sai ta ɗauke duk wani motsi daga fuskarta, ta kafe su da ido, ta yi ɗif. Yaran suka daure kaɗan, sannan suka kwasa da gudu suna ihu suka ɓuya bayan zanen uwarsu. Wasan dodo suke yi. Ni ce dodon.

Nsimire ta hango ni, ta jawo ni ciki kafin in ce wani abu, ta danƙa mini faranti. Nabintu kuwa tana ganina ta bushe a tsaye, tabarau a hanci. Ba tafinta, sai 'yan kalmomin da uwar ta tsinta da hannuwa, amma na gane. Nsimire ta nuna bakinta ta damƙe shi, ta zare ido, sannan ta ɗaga hannu kamar mai riƙe da bulala. Ta sake damƙe bakin, ta kwantar da kai ta rufe ido. Ta ɗaga yatsu biyu. A wurinsu in babba ya yi shiru ya zuba wa yaro ido, ɗayan biyu ne, ko duka na tafe ko an yi mutuwa. Yaro kuma ba a share masa fili a ce bisimilla yi magana. Magana tana gudu ne, kowa ya faɗa ciki da tasa.

Wata uku yarinyar nan tana zaune cikinmu, a aji, a shago, a layin abinci, kowa ya yi mata shiru don ladabi. Ita kuma tana jiran ta ga ta ina dukan zai sauko.

Na ci abincin. Yaji ya sa ni hawaye, ya kuma yi mini rana.

Asabar, 18 ga Nuwamba, da safe

Na gwada fuskar a madubin banɗaki. Ni ma da na gudu.

Talata, 21 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Na kwashe ajin duka na kai su kicin ɗin koyon girki, na ce yau piirakka za mu yi, ɗan gashin nan namu na kwaɓi da shinkafa. Na kunna rediyo, na kunna fankar zuƙe hayaƙi, na bar famfo yana zuba. Yaran suka dube ni kamar na zare. Na sa Nabintu a gefena, kafaɗa da kafaɗa, na ɗaukar wa kaina alkawari uku: ba zan dube ta ba, ba zan tambaye ta komai ba, ba zan rufe bakina ba.

Na ukun ne ya kusa kashe ni. Ashe surutu aiki ne. Na bayyana yadda ake murza kwaɓin ya yi siriri, yadda ake shafa faten shinkafa a tsakiya, yadda ake tsunkule bakin da yatsu. Kafin tanderu ya yi zafi magana ta ƙare mini. Na koma kan tsohuwata da yadda take dukan hannuna in na cika shinkafa, na koma kan sanyi, na zagi garin fulawar, na zagi wanda ya sayo shi. Muƙamuƙina ya yi tsami. Sauran yaran, da suka ga an saki linzami, suka ɓarke da nasu, kowa da rabin Finlancinsa, ana faɗa a kan sandar murji.

Tawa ta fito a murguɗe. A ƙarƙashin ƙarar fanka sai na ji wata 'yar murya a gefen gwiwar hannuna.

"Ba haka ba. Taki ta karkace."

Saura ƙiris in juya in tsaya cak in dube ta, in ɓata komai. Na danne. Na ce, idona a kan kwaɓi, "Tawa ta karkace? Dubi taki, kamar tsohon takalmi."

"Taki ce takalmi. Takalmin kaka."

Na ce ni na fara yin piirakka tun ba a haifi uwarta ba. Ta ce to me ya sa har yanzu ban iya ba. Muka yi ta yi har aka kwashe na farko daga wuta. Kuskure a maganarta ba a rasa ba, tana cinye ƙarshen kalmomi kamar kowane sabon shiga, amma ba abin da ban gane ba. Ban gyara mata ko ɗaya ba.

Na yi murna yau, murna sosai. Na shigo gida da ita a baki, sai na tarar ba wanda zan gaya wa.

Alhamis, 23 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Mun koma kicin. In aka ci gaba a haka duk makarantar za ta ƙoshi da piirakka har bazara.

Matsalar mai surutun dole ita ce baki yakan kai shi inda bai yi niyya ba. Labarai sun ƙare mini, sai na ji ina gaya wa kwaɓin cewa mijina ya fi son wadda gefenta ya ɗan ƙone, ya lafta mata man shanu da dafaffen ƙwai har ya zubo. Daga nan na ce yana asibiti a birni. Na ce yanzu ba ya magana. Ban taɓa faɗin wannan da bakina ba, ko ga 'yar'uwata. Mutanen gari sun sani, shi ya sa ba sa tambaya.

Nabintu ta ce, "Fushi yake yi?"

Na ce a'a, maganar ce ta tafi ta bar shi.

"Kina zuwa?"

"Ina zuwa."

"Ki yi me?"

"In zauna."

Ta daina tsunkule tata. Karon farko ke nan da ta ɗago ta dube ni cikin ido, ni kuma na tashi na je duba tanderu, ko da yake ban daɗe da dubawa ba.

Ban je birni ba yau. Hanya ba kyau.

Litinin, 27 ga Nuwamba, ƙarfe uku na yamma

Na gaya wa Jorma komai, na ce ya zo ya ji da kunnensa. Ya zo. Ya turo ƙofa a hankali, ya tsaya jikin bango ya harɗe hannu don kada ya dame mu. Yaran na ganin hedimasta suka rage murya. Shi kuma, don ya ji da kyau, ya miƙa hannu ya kashe rediyo. Bawan Allah, da zuciya ɗaya ya yi.

Kicin ya yi tsit. Ya dubi Nabintu, ya yi mata ɗan murmushi, ya jira. Ni na ci gaba da zuba ni kaɗai kamar mahaukaciya, muryata na dawo mini daga bango. Yarinyar ta sunkuyar da kai, gari a hannunta.

A waje ya ce ya yarda da ni, ba wai bai yarda ba. Sai ya ce na gaji, kowa ya san halin da nake ciki, in ina son hutu in faɗa. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 29 ga Nuwamba, da rana

Na gwada ɗaukar muryarta a waya, bayan na nemi izinin uwar. Tana ganin wayar a kan tebur ta haɗiye maganarta. Na gwada gaya mata gaskiya, cewa wata mata za ta zo, shirunta ba fushi ba ne, haka muke. Ta ce ta sani, yanzu ta sani. Ta dafa maƙogwaronta ta ce, "Amma nan bai sani ba."

Alhamis, 30 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na yamma

Na buga wa Outi. Na roƙe ta ta zo kicin, ta sa rigar girki, ta yi ta surutu. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba, mace ce mai kirki. Ta ce gwajin iri ɗaya ake yi wa kowane yaro, a ɗaki mai natsuwa, in ba haka ba ba adalci. Abin da za ta iya yi mini shi ne in zauna a kusurwa, da sharaɗin ba zan sa baki ba. Na amsa.

Na je birni. Na zauna. Na dawo. Veikko ya rame. Yau da na miƙe zan tafi ya juyar da fuskarsa bango.

Talata, 5 ga Disamba, ƙarfe biyu na rana

Outi ta zo.

Ta zaɓi ɗakin nas, mai labule da kujeru masu taushi. Ta rufe ƙofa, ta ma cire agogon bango don kada ƙararsa ta dami yarinya. Ta yi magana a tausashe. Ta ɗaga hoto, ta yi tambaya, ta ce ba gaggawa, ta jira. Ta iya jira, har ta fi ni. Ta gwada da tafinta a waya, shi ma ya yi tambayar da harshensu ya jira.

Akwai gwangwanin fensira a kan tebur daidai gwiwar hannuna. Turi ɗaya, da sun watse a ƙasa, da na durƙusa ina tsincewa ina mita, da na ce Nabintu taya ni, da na ce mata hannunki kamar takalmin kaka. Na ga abin a idona daga farko har ƙarshe. Hannuna bai motsa ba. An ce kada in sa baki, na kuma amsa, wata tana aikinta, ba a katse mutum yana aiki. Haka aka gina ni.

Sau ɗaya Nabintu ta waiwayo ta dube ni. Na so in nuna mata ina tare da ita, don haka na dube ta ban ƙifta ba, ban ce komai ba. Sai da ta mayar da kai ƙasa na gane wace fuska ce a kaina.

Ina jin haushin kaina har ba na son ganin hannuna.

Laraba, 6 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Ranar 'yancin kai, ba makaranta. Kowane gida a layinmu ya sa kyandir biyu a taga. Veikko ne yake kunna namu. Ban san inda yake ajiye su ba, ba kuma wanda zan tambaya.

Jumma'a, 8 ga Disamba, ƙarfe huɗu na yamma

An yi zaman: Jorma, Outi, Nsimire, tafinta a waya, da ni. An zuba kofi. Kowa ya yi magana da layinsa ya zo. Na faɗi nawa, kicin da rediyo da murfin tukunya, duka. Outi ta ce abin da na faɗa yana da amfani ƙwarai, ya ma ƙara nuna yarinyar tana tsoron manya, abin da take buƙata wuri ne ƙarami mai kwanciyar hankali. Ta ce akwai gurbi yanzu, in aka yi jinkiri wani zai shiga.

Jorma ya juya wajen Nsimire. Ya ce ba za a yi komai ba sai da yardarta, ita ce uwa, in tana da ja ta faɗa. Tafinta ya fassara. Sai duk suka yi shiru, suka zuba mata ido, suna ba ta lokaci.

Na ga abin da ta gani: manya uku, baki a rufe, ido a kanta. Na ce, "Jorma, tsaya, ita fa tana ganin kamar..." Ya ɗaga mini hannu a hankali, ya ce, "Hilkka, bar ta ta yi tunani. Ba sauri."

Nsimire ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta sunkuyar da kai ta ce ta yarda. Aka yi mata godiya. Ranar sha takwas ga wata yarinyar za ta fara.

Talata, 12 ga Disamba, da yamma

Ba mu je kicin ba. Nabintu ba ta dube ni ba. Itace ya ƙare a bakin rumfa.

Litinin, 18 ga Disamba, lokacin abincin rana

Na tashi da wuri na gasa piirakka, na ƙunsa, na tafi gidansu ba tare da na buga waya ba. Gari bai waye ba, dusar ƙanƙara na sauka. Tasi na tsaye a ƙofar bene, inji na ruri, direba ya ƙure rediyo yana kankare gilashi. Ƙannen biyu na kuka, Nsimire na ɗaure wa Nabintu gyale tana jero mata kashedi. Hayaniya dai yadda ake so.

Na miƙa mata ƙunshin ina ta zuba, na ce duk sun karkace, na ce kada ta bai wa direba, na ce malamar can an ce tana da kirki. Ta shiga mota ta zauna, ba ta rufe ƙofa ba. Idonta a kan ƙunshin ta ce, "Ope," wato malama, yadda duk yaran ke kirana. "Ranar matar nan, kin yi fuskar."

Na ce na sani.

"Kar ki yi wa mijinki. Zai ce fushi kike yi da shi."

Ta ja ƙofa ta rufe. Maganar ta fito daidai, ba kuskure ko ɗaya, kuma ba wanda ya ji sai ni.

Litinin ɗin dai, ƙarfe bakwai na yamma

Na ce wa Jorma ba na jin daɗi, ya ce in tafi, bai tambaya ba.

Makarantar da aka kai ta tana bayan asibitin. Na tsaya a bakin titi, na sauke gilashin mota. Fitilu a kunne, labule a sauke. Na kasa kunne na daɗe. Ko motsi.

Fuskar Veikko na bango da na shiga ɗakinsu. Ban zauna ba. Na cire riga ina cewa hanya ba kyau, masu share ƙanƙara barci suke yi. Na ce masa ya bar mini itace a warwatse kamar ba gidan mutane ba, gatari a ƙasa zai yi tsatsa, kyandir kuma ban san ramin da ya cusa su ba. Na ce masa ni ba fushi nake yi da shi ba, tsoro nake ji, tun ranar rumfar nan tsoro nake ji. Na ba shi labarin Nabintu tun daga farko, da murfin tukunya, da takalmin kaka, da gwangwanin fensir ɗin da ban ture ba. Ban tambaye shi komai ba, ban jira komai ba. Can cikin labarin ya juyo da kansa. Gefe ɗaya na bakinsa yana motsi, ba sauti, na ci gaba ta kansa.

Nas ta leƙo ta ce don Allah in ɗan rage murya, akwai marasa lafiya a ɗakin.

Na ce mata to. Ban rage ba.